Halliru Ya-Motsa da Rijiyar Kakanmu

A Zangon Kwatano, in ka tambayi gidan Halliru sai a ce maka wane Hallirun. Amma ka ce Halliru Ya-Motsa, ko mai tallan goro za ta nuna maka ƙofar, ta ƙara maka da labarin da ba ka tambaya ba. Ni Wada ba na bukatar mai nuni. Uwata ƙanwar ubansa ce, wato taubasai muke. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ina kiransa mahaukacin gidanmu, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya janye tasa.

Mutum ne da bai iya zama ba. A tsaye yake cin tuwo. In an zauna gaisuwar mutuwa, ƙafarsa na rawa har mai tabarmar kusa ya harare shi. In ya shiga motata zuwa Seme, bakin iyaka, kafin mu fita gari ya tambaye ni sau uku ko ba wata hanyar da ta fi wannan sauri. Na sha tsayawa in ce ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, tunda shi ne mai gaggawa.

Kakanmu fatake ne daga arewa. Shi ya kafa gidan, ya haƙa rijiya a tsakar gida, mai faɗin baki, marar zurfi, wadda rana ke leƙawa har ƙasanta da tsaka. Dillalan shanu da masu kawo su daga arewa nan suke sauka tun zamaninsa. Da ruwan rijiyar suke alwala, shi suke sha, kuma da shi Adda Jumai, yayar Halliru, take dama kokon da take sayarwa a ƙofar gida tun rasuwar mijinta. Da wannan koko ta rufa wa kanta asiri ita da 'ya'yanta biyar.

Halliru kaɗai aka sa lekol, wato makarantar boko, a gidan, sai ya samu aiki a mayanka, ƙarƙashin wani Bature likitan dabbobi. Aikinsa bai da yawan magana. Ya tsaga kunnen saniya, ya ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, ya sa a madubin likita, ya duba. In tana da sammore zai ga wasu abubuwa suna wutsil-wutsil a cikin jinin. Masu shanu kuwa na jere a bakin taga, zukata a hannu.

"Likita, ya motsa?"

In ya ce bai motsa ba, sai hamdala, a buga hatimi. In ya ce ya motsa, an ware saniyar ke nan, mai ita ya koma gefe ya yi tagumi. Shekara goma sha biyar yana wannan. An kai masa rago har gida don ya kau da kai, ya sa aka mai da shi da igiyarsa. Masu shanu ba su cika son ganinsa ba, amma ko a bayan idonsa ba wanda ya taɓa cewa ya faɗi abin da bai gani ba.

Da juyin juya hali ya kankama, aka koma kiran kowa kamarad har da limamin unguwa, Baturen ya tattara ya tafi. Ya bar wa Halliru wani tsohon madubi wanda ba ya amfani da lantarki, sai hasken rana da ake tarowa da ɗan madubin ƙasansa, da kuma wani littafin Faransanci da bangonsa ya cire. Wata Lahadi, don rashin abin yi, wanda a wurinsa ciwo ne, ya ɗebo ruwan tafkin da ke ƙarƙashin gada a kwalbar magani ya ɗiga ya duba. Ina wanke mota ya zo ya finciko hannuna da kumfa da komai.

Na sa ido. Da farko gashin idona kawai na gani. Can sai ga wani abu kamar kwalekwale, launin zuma, yana tafiya a hankali, ba ƙafa, ba wutsiya, ba filafili. Ya ci karo da ƙwayar yashi, ya tsaya kamar mai tunani, ya koma da baya. Ga wasu kamar tsabar kuɗi, wasu kamar matsefi, wasu a jere kamar tsakiyar wuya.

"Wace cuta ce wannan?" na tambaye shi.

"Cutar gidanku! Ba cuta ba ce, bawana. Littafin ya ce tsiro ne, diyatome sunansu. Kowanne yana cikin gidansa na gilashi, shi ya gina da kansa. Shekara nawa ina duba wannan madubi, duk abin da ya motsa sai wani ya yi kuka. Yau na ga abin da ke motsi bai cuci kowa ba."

Daga ranar ya raɗa masu suna 'yan kwalba, kuma daga ranar muka shiga uku. Gani bai ishe shi ba, sai ya ɗauki hotonsu, kuma da ransu. Littafin ya ce masana dafa su suke yi a ruwan guba, su wanke, su ɗauki hoton ƙwanson. Halliru ya ce wannan aikin mahauta ne, shi ya gaji da gawa. Ya sayi wata kyamarar Rasha mai nauyin dutsen guga a hannun wani ɗalibi da ya dawo daga Mosko. Wani maƙerin gwangwani ya haɗa masa bututu tsakaninta da madubin. Fim kuwa ni ne wahalalle, daga Ikko nake shigo masa da shi a ƙarƙashin kujerar direba. Karon farko da ya kai wanki wurin mai hoto a Gbegame, mutumin ya ɗaga fim ɗin a haske, bai ga amarya ba bai ga ango ba, ya ce ya lalace, ya jefa a kwandon shara. Sai da aka riƙe Halliru.

Wahalar aikin ita ce haske. In ya buɗe wa rana sosai, ɗigon ruwan ya yi zafi ya bushe, 'yan kwalba su mutu a gabansa. In ya rage, dole kyamara ta daɗe a buɗe, su kuwa ba su san a tsaya a yi hoto ba, sai su fito kamar an ja yatsa a kan danyen fenti. Ko sun tsaya, babbar mota ta wuce teburin ya girgiza. Ko mota ba ta wuce ba, Adda Jumai ta saka taɓarya a turmi. Kullum da hantsi sai ka ji shi ta taga.

"Adda, don girman Allah, minti ɗaya!"

"Minti ɗayanka na jiya har gero ya yi tsami. 'Yan kwalbar ne za su ciyar min da yara?"

A Janairun 1977 sojojin haya suka sauka filin jirgi wata Lahadi da safe, aka yi ta harbe-harbe, suka gudu. Bayan nan gari ya rikice da zargi. Mutum da kyamara da kwalabe a ƙarƙashin gada, ai ba sai an tambaya ba. Sau ɗaya aka tsare shi yini guda yana bayani, ni na je na yi rantsuwa cewa taɓin hankali ne na gado, ta wajen ubansa. Aka sake shi da sharaɗin kada a sake ganinsa a bakin ruwa. Ya yi wata biyu yana zagaya tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure, har ran nan ya tsaya a bakin rijiya, ya ƙura wa wata gansakuka mai ruwan ƙasa ido a jikin bangonta, daidai inda rana ke sauka. Ya kankaro da cokali.

A nan ya same ta, wata 'yar kwalba ta daban. Doguwa ce, siririya, ta ɗan lanƙwasa a kai da ƙafa, launinta kamar man shanu da aka soya. A jikin gilashinta akwai zane, layuka ƙanana ƙwarai, sai ka riƙe numfashi kake ganinsu, su ɓace, su dawo. Bai taɓa ganin irinta a tafki ba, kuma babu ita a littafin, ko da yake littafin ma rabinsa ya zube. Ya sa mata suna Hajiya, wai don kullum tana kan hanya. Ya yi ƙoƙarin ajiye irinta a kwalba a kan taga, kwana biyu sai su mutu. Ya gwada tulu, ya gwada kwano, ya gwada randa. Rijiyar kakanmu kaɗai suka yarda da ita.

Shekara huɗu yana bin ta da kyamara. Burinsa ɗaya ne, hoto guda, tana da rai, zanen nan ya fito. Ina da yaƙinin fim ɗin da na shigo masa da shi zai kai daga Zango zuwa Seme in aka shimfiɗa. Duk hotunan hazo ne. Da na tsokane shi sai ya ce ita da shi jininsu ɗaya, ba su iya zama ba.

Masifar ta faɗo ne wata Juma'a a farkon damina. Baba Maishanu, babban dillalin da ya fi shekara talatin yana sauka a gidan, yana zaune a zaure da kofin kokon Adda a hannu. Sai ga Halliru ya fito daga ɗaki, baki har kunne, don ya ga Hajiya ta rabu biyu a gaban idonsa.

"Likita, lafiya? Yau jinin wa ka duba?"

"Ba jini ba ne, Baba. Ruwan rijiyarmu ne."

Tsohon ya dubi kofin hannunsa. "Ya motsa?"

"Motsi kai! Ai cike yake da su, Baba, ba ka ga yadda suke kai da kawowa ba!"

Baba Maishanu ya ajiye kofin a hankali, ya ture shi da bayan hannu. Ina wurin, a kan idona aka yi. Ba wai tsohon bai fahimci maganar ba ne, ya fahimta sarai. Shekara da shekaru ya ga abin da ke biyo baya in wani abu ya motsa a wannan madubi, ya yi asarar shanu ba ɗaya ba ba biyu ba. Yanzu ga mai madubin da bakinsa yana cewa abin na cikin ruwan da suke sha.

Kafin la'asar labari ya gama Zango. Kwana uku Adda na fitar da koko tana mai da shi ciki. Baƙin gida suka naɗe tabarminsu ɗaya bayan ɗaya suka koma wani masauki. Matan maƙwabta da suka yi shekaru suna ɗiba kyauta suka koma layin famfo, suna toshe hanci in sun wuce ƙofarmu, don rashin kunya. Liman ya ce ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba mai tsarki ne. Masu shanu suka ce sun ji, za su yi alwala da shi in ta kama, amma cikinsu bai yi karatu ba.

Halliru kuwa, da ya tashi gyara sai ya ƙara ɓatawa. Ya kwaso hotunansa ya bi mutane rumfa rumfa yana nunawa, wai su ga kyan abin. Mutum ya karɓi hoto ya ga wani baƙin abu mai tsawon tafin hannu, dishi-dishi kamar matsattsaku, ya ce, "Wannan muke sha?" Na ƙwace hotunan na ce in ya sake fitowa da su zan ƙona. Haushinsa nake ji ƙwarai a lokacin, kuma ban ɓoye masa ba.

Adda ba ta yi masa ihu ba, abin da ya fi ihun ciwo ke nan. Ta zo ƙofar ɗakinsa da ludayi a hannu ta ce, "Halliru, ni na goye ka. Da ruwan nan na yi maka wanka. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko albashinka ban san launinsa ba. Abu ɗaya nake da shi, ka taɓa shi." Ta juya. Tun daga ranar ba a sake jin taɓarya a gidan ba.

Ranar Talata Dramane, delegen unguwa, wato wakilin hukuma, ya iso da takarda. Mutumin kirki ne in ba ya riƙe da takarda. Ya ce kwamitin unguwa ya zauna, lafiyar jama'a ta fi gadon kowa, ranar Asabar wurin aikin gayya za a cike rijiyar da yashi. Halliru ya bazama. Ya shiga wannan biron gwamnati ya fita wancan, ofis bayan ofis, ni ina jan mota yana cewa in ƙara wuta, har muka samu wani ma'aikacin lafiya da ya saurare shi. Mutumin ya yi dariya ya ce abin ba ya cutarwa, amma tunda mutane sun tsorata, a zuba ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, a yi wa rijiyar murfin siminti, a riƙa ƙara jabel ɗin duk wata. Ya rubuta ya sa hannu. Dramane ya karanta ya ce shi ya yarda in jama'a sun yarda.

Baba Maishanu ya ƙi ko taɓa takardar. "Kamarad Delege, mu ba mu san papiye ba. Likita muka sani. A zuba maganin, ya ɗebo a gabanmu ya duba. In ya ce bai motsa ba, ni zan fara sha."

A mota na ce masa, "Kai ma dai da wauta. Wa ke ganin abin da ke cikin madubin in ba kai ba? Mu cika jarkar jabel da ruwan famfo, ka zuba, ka duba, ka ce bai motsa ba. Murfin ma mu bar mata kafa. Adda ta samu kasuwarta, kai ka samu Hajiyarka."

Ya daɗe yana kaɗa ƙafa. Sannan ya ce, "Wada, tsohon nan ya yi asarar bijimai a kan maganata, bai taɓa cewa in sake dubawa ba. Ranar da na faɗi abin da ban gani ba, duk waɗancan shanun zalunci na yi."

Saura kwana uku ke nan. Na ba shi fim uku da nake ɓoye, ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya kafa teburinsa a tsakar gida. Gidan shiru, ba daka, ba baƙi, irin shirun da ya yi shekara huɗu yana roƙo, ga shi ya samu ba ya ko iya kallon ƙofar Adda. Sai kuma rana ta ƙi. Laraba hadari, Alhamis yayyafi tun safe. Yana fita yana duban sama, ya koma, ya sake fita, ya juya ɗan madubin nan hagu da dama yana farautar haske kamar mai tarar ruwan indararo. Ranar Juma'a bayan masallaci gari ya ɗan washe na kusan rabin awa. Ya yi ta ɗauka, yana magana da ita ƙasa-ƙasa. "Tsaya mana, Hajiya. Sau ɗaya dai. Don Allah tsaya." Ba ta tsaya ba.

Ranar Asabar tsakar gida ya cika. Ga Dramane da mutanensa da shebur, ko da za a bukata. Ga masu shanu a jere kamar a tagar mayanka. Adda na bakin madafa ta harɗe hannu. Dramane ya miƙo jarkar jabel zai ba wani, Halliru ya ce a ba shi, rijiyar kakansa ce. Ya zagaya bakinta yana zubawa a jikin bango, daidai inda rana ke sauka, bai bar ko tafin hannu ba. Warin ya tashi har mata na rufe hanci da mayafi. Aka jira har bayan azahar. Ranar kuwa, don wulaƙanci, rana ta fito tar.

Ya kankaro da cokalin nan nasa, ya ɗiga, ya sunkuya. Ban taɓa ganin Halliru ya daɗe haka bai motsa ba. Ya zagaya ɗigon kusurwa kusurwa, ya sake ɗebo wani, ya sake dubawa. Na san abin da yake nema, kuma na san in ya same shi zai faɗa, ko da za a cike rijiyar a gabansa.

"Likita," in ji Baba Maishanu, "ya motsa?"

Ya ɗago. "Bai motsa ba, Baba."

Gida ya ɗauki hamdala. Tsohon ya cika alkawari, ya sa aka ja guga ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce magani ya ji. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, ita da ta fi kowa toshe hanci. Masu shebur suka koma kwaɓa siminti. Adda ta shige ɗaki, na ji tana jan turmi. Ba wanda ya kula da Halliru sai ni.

"Bawana, saura nawa a kyamarar?"

Na duba na ce ɗaya. Ya gyara haske, ba gaggawa, ya danna.

Bayan mako muka karɓo wanki a Gbegame. Na ranar Juma'a duk hazo ne kamar kullum. Na ƙarshen kuwa, ko ni da ban san komai ba sai da na yi salati. Jabel ya cinye launin man shanun, ya bar gilashin fes. Ga lanƙwasar, ga zanen, layi bayan layi, kana iya ƙirgawa. Mai hoton da kansa ya roƙi a bar masa ɗaya ya manna a shagonsa.

Na ce, "To mahaukacin gidanmu, ga abin da ka yi shekara huɗu kana nema."

Ya duba sau ɗaya ya miƙo min. "Riƙe. Wannan gidanta ne, ita ba ta ciki."

Kasuwar Adda ta dawo, baƙi suka dawo da tabarminsu. Duk farkon wata shi yake ɗaga ƙaramar ƙofar murfin ya zuba jabel da hannunsa. Ya ci gaba da aikin mayanka har ya yi ritaya, amma bai sake aikena fim ba. A bangon ɗakinsa hoto ɗaya ne, cikin na ranar Juma'ar nan, wani dishi-dishin abu da ya kusa fita daga gefen takarda. Mai kyan yana wurina har yau, kuma ba na son kallonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ya koyi zama. Da hantsi, lokacin da rana ke sauka tsakar gida, sai ya fito ya zauna a kan murfin rijiyar, ƙafafunsa a ƙasa shiru. Wata rana Adda na cikin daka ta hango shi, ta tsai da taɓarya a sama ta ce, "Halliru, in dakata maka?"

Ya ce, "A'a, Adda. Yi dakanki."